Yadda Mashti Barar Ya Kai Ni Farautar Maral

Shekarata ashirin da shida lokacin da ma'aikatar dabbobi ta turo ni Sangkula da akwatin allura, da alfadari guda, da takarda mai hatimi wadda babu wanda ya damu ya karanta. Sunana Yadullah. Mutumin bayan dutse ne ni, can ɓangaren hamada, inda za ka hango baƙonka tun da hantsi amma ba zai iso ba sai azahar. A Sangkula kuwa itatuwa sun rufe sama ruf, in ka yi taku ashirin daga gidan ƙarshe ka waiwaya, ƙauyen ya ɓace. Aikina ɗaya ne, in yi wa shanun ƙauyen rigakafin bushiya, cutar nan mai kashe garke, kafin sanyi ya koro su ƙasa su cakuɗu da shanun kasuwa. Cutar ta riga ta ɓulla a gabas, fatake suna ta kawo labarinta. Wata biyu aka ba ni, na cinye guda cur ban soki ko ɗan maraƙi ba.

Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne Zulfali. Shanunsa sun haura arba'in, kuma duk kwarin nan babu maharbi kamarsa, don haka in ya yi tari a shagon shayi sai kowa ya ajiye kofi ya saurara. Ranar da na fara yi musu bayani na ɗauko batun cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya cire ƙwayar sukari daga bakinsa.

"Likita, wace hanya ce ke zuwa rafi daga nan?"

Na nuna hagu. Shagon ya ɗauki dariya, ashe rafin yana dama.

"To kun ji. Mutumin da bai san hanyar rafi ba, shi zai san jijiyar saniyata? Sha shayinka, ɗan hamada, Allah ya kai ka gida lafiya."

A gidan Mashti Barar aka sauke ni, kuma labarinsa nake son bayarwa, don ni dai a wannan tafiya ɗan rakiya ne. Gajere ne, mai manyan kunnuwa, hannunsa na hagu yatsu uku, don wata tsohuwar bindigar toka ta fashe masa yana saurayi. A rugar saman dutse aka haife shi. Itace ya faɗa wa ubansa yana ɗan shekara tara, ya tashi yana kiwon shanun mutane har ya kai talatin kafin ya mallaki karsana tasa ta kansa. Lokacin da na san shi shanunsa tara ne, kowace da sunanta, 'ya'yansa mata biyar duk sun yi aure. Sau ɗaya tak ya taɓa barin dajin, ya je ziyara birnin Mashhad mai alfarma a bayan babbar mota, abin da ya sa ake ce masa Mashti ke nan, kamar yadda ake ce wa wanda ya yi hajji Alhaji. Matarsa, Nana Gulnisa, ta ce da ya dawo aka taru ana son jin labarin birni, sai ya ce wurin da albarka amma babu inuwa, ya nemi a ba shi shinkafa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a kan wata kaza da ke yi masa ƙwai a cikin hula.

Shi ma maharbi ne, amma irin wanda ke ba mutane haushi. Maral, wato babbar barewar dajinmu mai ƙaho rassa-rassa, ɗaya yake kashewa a shekara, wata shekarar ma ya je ya kalle su ya dawo hannu rabbana. Zulfali, wanda tare suka yi kiwo suna yara, ya sa masa suna mai gadin maral. Shi kuma yakan ce ai gara gadi, don mai gadi shi ya san inda kaya suke.

Wata safiya muna cin shinkafa da cuku, na faɗa masa gara in ɗaura wa alfadarina kaya in koma in ce na kasa. Raina a ɓace yake ƙwarai. Na ga bushiya sau ɗaya ina makaranta, na ga garke kwance ido na ruwa, mai su zaune a gefe ya rasa ko kuka, kuma na san abin da ke tafe wa waɗannan mutane masu taurin kai.

"Ka ji kukan jiya da yamma?" in ji Mashti.

Na ji. Wani ruri ne mai kauri daga can cikin kwari, na ɗauka bijimin wani ne ya ɓata.

"Mazan maral ne suka fara neman mata. Kwana ashirin za su yi suna wannan hauka. Ɗan nan, a garin nan ba a jin maganar mutumin da namansa bai shiga tukunyar mutane ba. Wanda ya kashe maral, gida-gida ake raba naman, har gidan maƙiyinsa. Ka sa nama a tukunyar Zulfali, mu ga bakin da zai ce maka ɗan hamada."

"Mashti, ni ko zomo ban taɓa harbi ba."

"Madalla. Ba ka da mugun halin da zan sha wahalar cirewa."

Nana Gulnisa ta ce daga bakin murhu, "Ka dai dawo mini da shi da ƙafafunsa biyu, tsoho. Uwarsa ba ta ba mu shi don kyauta ba."

Na sauka gari na yanko takardar izinin harbin namiji ɗaya, na dawo ina ɗokin riƙe bindiga. Sai ga shi kwana uku muna shiga daji ba bindiga. Da na tambaya, ya ce baƙon da ya shiga daji da bindiga ranar farko, bindigar yake kallo, ba dajin ba. Ya ƙwace sabuluna mai ƙamshi ya ba Nana ajiya, ya hana ni taba, ya ba ni tsohuwar rigarsa ta gashin tumaki mai warin hayaƙi da shanu. Kafin mu fita kullum sai ya gaya wa matarsa tudun da za mu hau da lokacin da za mu dawo, ko da tana tsakiyar yi masa faɗa. Ya ce wanda bai faɗi inda za shi ba, ranar da ya karye ƙafa duk duniya za a nema.

Ranar farko bai kai ni ko'ina ba sai wurin matan da ke tsintar itace, da wani makiyayi kurma-kurma. Ya zauna yana tambayarsu ina suka ga sawu, wane rafi ne ya ƙafe, ina aladen daji suka yi tono. Na ce ashe shi ma tambaya yake yi, duk da shekara sittin a dajin.

"Dajin bara ba shi ne na bana ba," in ji shi. "Matambayi ba ya ɓata. Kai kuwa girman kai ya hana ka tambayar hanyar rafi."

Tafiyarsa ta isa ta sa mai gaggawa hawan jini. Taku goma, ya tsaya. Taku goma, ya juya ya kalli baya. Ya ce in riƙa waiwaye, don hanya fuska biyu gare ta, kuma wadda zan gani a dawowa ba ita nake gani yanzu ba. Ya nuna mini wani itace da tsawa ta tsaga, da wani dutse mai kama da sirdi, ya ce in sa musu suna da bakina don in riƙe su. In kuwa duk da haka na ɓace, kada in yi gudu, in nemi ruwa in bi shi ƙasa, ruwan dajin nan duk ƙauye yake zuwa. A wuyansa akwai 'yar jaka ta toka. Lokaci lokaci sai ya kaɗa ta, mu ga inda tokar ta nufa, mu sake hanya don iska ta riƙa bugun fuskarmu.

"Idonsa za ka iya ruɗa, kunnensa ma wani lokaci. Hancinsa kuwa ko kakanka bai isa ba."

Rana ta biyu ya koya mini karatun ƙasa. Sawun namiji faɗi gare shi, bakinsa a dakushe, na mace siriri ne mai tsini. Ya nuna mini ƙananan itatuwa da aka goge wa ɓawo da ƙaho, ya sa na taɓa na ji ko ɗanye ne. Ya kai ni wani kududdufin laka inda mazan ke birgima, warin wurin har cikin maƙoshi, ya ce ga gidan angon nan. Mace kuwa ya ce ko ta zo ta lashi bakin bindigata in ba ta hanya, don wanda ya kashe mace ya kashe naman shekara goma. Rana ta uku muka zauna a gindin itace tun safe har azahar ba mu ce uffan ba. Ƙafafuna suka mutu, sauro ya yi biki a wuyana. Can sai ga mata uku da ɗan ƙarami sun fito suna kiwo, kusa har ina jin ƙarar tsinkar ciyawa. Ban san haka suke da kyau ba. Da suka wuce Mashti ya ce mai yawo shi nama ke gani, mai zama shi ke ganin nama.

Saura kira. Maharbanmu ƙahon sa suke busawa, su kwaikwayi rurin namiji, sai mai matan ya taso a fusace ya kori abokin kishinsa, ya faɗo hannu. Mashti in ya busa, gashin jikinka sai ya tashi. Ni da na busa a bayan gida, kare ya shige ƙarƙashin rumbu, Nana Gulnisa ta fito da ludayi a hannu.

"Wa ke yanka jaki a gidana?"

"Rabu da shi," in ji Mashti. "Muryar ɗan saurayin maral ce mai mura. Irinta ta fi ba manya haushi."

Kowane maharbi a Sangkula da tudunsa, abin gado ne, ba a rubuce ba amma ba a tsallakewa. Na Mashti yana wannan gefen rafi, na Zulfali yana wancan. Ranar da muka fita da bindiga, bayan sallar asuba, hazo ya sauko mai ruwa-ruwa, ba ka ganin abin da ya wuce taku goma sha biyar. Ya zaunar da ni a bayan wani kututture da ke kallon kududdufin nan, ya sa harsashi ɗaya a bindigarsa mai baki ɗaya ya miƙo mini. Shi zai zagaya ta sama ya tsare ɗaya hanyar, don gwiwarsa ba ta son gangara.

"Busa uku, ka yi shiru. Kada ka tashi daga nan ko me ka ji. Kuma ka ji ni da kyau, ba a harbin murya, ba a harbin ganye. Sai ka ga ƙaho, ka ƙirga rassansa, ka ga kafaɗa."

"In bai zo ba fa?"

"Sai mu je mu ci shinkafa. Gobe ma rana ce."

Na busa uku na yi shiru. Ba a jima ba aka amsa daga ƙasa, ruri mai kauri har cikin ƙirjina. Na sake busawa, aka sake amsawa, amma bai matso ba. Muka yi ta haka kusan rabin sa'a. Nan fa shaiɗan ya zo ya zauna a kafaɗata, ya ce ga namanka can, ga tukunyar Zulfali, ga shanu ɗari uku, kai kana zaune kamar mai jiran gawon shanu. Na tashi. Na gangara a hankali ina busawa, ana amsawa, na taka ruwa mai sanyi har idon sawu ban ma lura rafin na tsallake ba. Rurin ya dawo kusa ƙwarai. Na sunkuya na kutsa cikin wasu ƙananan itatuwa, rassa suna kaɗawa a kaina, ga ni cikin riga ruwan ƙasa.

Ƙarar ta zo tare da zafi a kumatuna. Itacen da ke gefen kaina ya fashe, ɓawo ya watsu a fuskata. Na zube ƙasa ina ihu, "Wayyo Allah! Mutum ne! Mutum ne!"

Daji ya yi tsit. Sai ga mutum ya fito daga hazo, bindiga a hannu tana hayaƙi, ƙahon sa na lilo a wuyansa. Zulfali ne. Ashe duk tsawon lokacin nan ni da shi muke yi wa juna ruri, kowa na lallaɓo ɗan'uwansa. Ya dube ni, ya dubi ramin harsashin, tazararsa da inda kaina yake bai kai tafin hannu ba. Ya zauna daɓas a cikin laka.

Akwai doka a Sangkula da ko ni baƙo na sani. Wanda ya harbi wajen mutum a daji, ko da kuskure, ko bai same shi ba, dattawa za su karɓe bindigarsa, a fasa ƙahonsa a gaban jama'a, kuma daga ranar ba shi da baki a taron gari. Ba zan yi ƙarya ba, ina kwance ina shafa jinin kumatuna lissafin ya zo mini sarai. Mutumin da ya tare mini hanya ga shi Allah ya ba ni a tafin hannu. In na buɗe baki, maganarsa ta mutu, wataƙila kafin mako in gama aikina.

"Je ka faɗa," in ji shi. "Haƙƙinka ne. Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara kada su harbi ganye."

Hannuwansa na kalla. Manyan hannuwa ne masu kaushi, ya saki bindigar ya ɗora su a kan gwiwarsa. Tausayinsa ya kama ni, kuma kunya ta biyo baya, don ni na bar inda aka ajiye ni na shigo tudunsa, inda ba ya tsammanin kowa.

Muna haka Mashti Barar ya iso yana ɗingishi, numfashinsa sama-sama. Ya durƙusa kusa da ni. Ya kama haɓata ya juya fuskata ya duba raunin. Ya ɗauki bindigar da ya ba ni ya shinshina bakinta. Ya dubi itacen, ya dubi abokin kiwonsa a cikin laka. Sannan ya tambaye ni a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri.

"Duk gari sun ji ƙara. Wa ya yi harbi?"

Na ce, "Ni ne."

Ya daɗe yana kallona. "Ai kuwa ka kuskure," in ji shi.

Ya buɗe bindigar ya zare harsashina da ko taɓa shi ba a yi ba, ya wurga cikin rafi. Ya tsinci kwanson harsashin Zulfali ya sa mini a aljihu, ya ce in nuna wa masu son gani. Ya ɗebi laka ya shafe ramin da ke jikin itacen. Sai ya juya ga Zulfali.

"Kai kuma mai kwaɗayi, me ya kawo ka? Ƙarar bindiga ka ji ka rugo neman kaso? To babu nama, tashi ka ba mutane wuri. Dubi wandonka kamar na yaron goye."

Zulfali ya ɗauki bindigarsa. Ya tashi ya shige hazo bai waiwayo ba.

A hanyar gida na jira faɗa, don na san na ci a yi mini. Sai da muka hango hayaƙin ƙauye ya ce, "Na ce kada ka tashi." Na ce na tuba. Ya ce, "Kumatun kuma reshe ne ya karce ka, ka ji ko?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan, har ya koma ga Allah bai sake ɗaga maganar ba. A wurinsa na ga abin da ake nufi da ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Al'adar garin ce, wanda ya harbi maral ya kuskure, mata su kife tsohuwar tukunya a ƙofar gidan da yake. Kafin la'asar tawa ta iso, har da rakiyar guɗa. A shagon shayi aka ce maral ɗin ya tsaya ya gyara mini tsayuwa amma duk da haka na harbi gajimare. Wani ya ce in haka nake saiti, wanda ya ba ni saniya ya riƙe, shi zai sha allurar a cinya. Na yi dariyar yaƙe. Zulfali bai zo shagon ba ranar, bai zo washegari ba, aka ce zazzaɓi yake yi.

Kwana huɗu babu abin da ya motsa, kuma saura mini kwana goma sha tara. Labari ya zo cewa cutar ta iso kasuwar da ke bakin kwari. Na sami Mashti yana gyaran shinge na sauke masa duk abin da ke raina. Na ce na yi wautar da ba a taɓa yi ba, na sayar da shanun gari guda don mutuncin mutumin da ko sannu bai ce mini ba.

"Ka yi nadama?" in ji shi, bai ɗago ba.

Na ce ban sani ba.

"To riƙe mini wannan sandar. Kuma gobe ka fara da nawa tara, in za su mutu su mutu a hannun ɗan gida."

Wannan kalma ta ɗan gida ta kusa sa ni hawaye, sai na duƙa ina ta gyara sandar da ba ta buƙatar gyara.

Washegari da hantsi na tafasa allurai, Nana Gulnisa ta riƙe mini akwati tana addu'a a kan kowace saniya da sunanta. Mun yi huɗu ke nan sai muka ji ƙararrawa daga hanyar sama, ba ɗaya ba, ba goma ba. Garke ne ya cika hanya, Zulfali a gaba da sanda a kafaɗa, rabin gari na biye da shi don ganin ikon Allah. Ya tsaya a bakin shinge ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina maharbin gajimare? Ga arba'in da uku nan. Na ce bari in kawo masa abin da ba ya gudu, ko Allah zai sa ya samu."

Aka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Zulfali, ba kai ka ce bai san jijiyar saniya ba?"

"Na faɗa. Yanzu kuma na ce a kawo. Akwai mai magana?"

Babu mai magana. Shi da kansa ya kama ƙahon saniyar farko ya murɗe wuyanta ya danne a ƙirjinsa. Da na matso da allura kanmu ya kusa haɗuwa, idonsa ya sauka a kan ɓawon raunin da ke kumatuna. Ya ce ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji, "Yana zafi?" Na ce ya warke. Sai ya daka mini tsawa, "To soka mana, likita, ko sai ta haihu?"

Mashti yana zaune a kan shinge yana tsaga kunnen duk wadda aka gama, yana yi wa Zulfali gorin cewa shanunsa sun fi shi hankali. Kwana tara muka yi muna wannan aiki, har rugagen saman dutse, Zulfali na gaba yana buga ƙofofi. Shanu ɗari uku da goma sha ɗaya na soka. Da sanyi ya shigo bushiya ta hau kwarin, ta yi ɓarna a ƙauyukan ƙasa har mutane suka riƙa haƙa rami ɗaya don garke guda. A Sangkula shanu biyu suka mutu, su ma wani ne ya sayo su daga baya.

Wata biyu aka turo ni, na yi shekara talatin da ɗaya. A can na yi aure, jikar Mashti ce uwar 'ya'yana. Na kashe maral daga baya, a shekara ta uku, ina zaune inda aka zaunar da ni, aka raba shi gida-gida. Mashti Barar ya rasu da kaka, a kan shimfiɗarsa, bayan ya sa an buɗe masa taga don ya ji ko mazan sun fara ruri. Zulfali ne ya yi masa wanka, ya bi shi bayan shekara biyu, da bindigarsa da ƙahonsa da mutuncinsa. Sai da ƙasa ta rufe su duka biyu na ga babu wanda wannan labari zai cutar.

Amma a Sangkula ban faɗa ba. Har yau in yaro ya jefi tsuntsu ya kuskure, abokansa sukan ce ya yi harbin Yadullah. Jikokina ma suna faɗa, a gabana, suna dariya. Ban taɓa gyara musu ba.